Sharhi: Shekara 30 a kan dutsen Verbier, wa zai riƙe ikon cewa yau ba za a yi ba?

Duk mai leƙa YouTube ko TikTok da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Mutum ne shi kaɗai a ƙololuwar wani dutse fari fat, sai kawai ya sako kansa ƙasa, yana kurɗawa tsakanin duwatsu, ya dira daga kan wani tudu, farar ƙura na biye da shi. Mu da ba mu san dusar ƙanƙara ba sai a hoto, abin da ke fara zuwa bakinmu shi ne, "Anya wannan yana da hankali kuwa?" To, da yawa daga cikin irin waɗannan bidiyo gasa ce ake yi, mai alƙalai da maki da kyautar kuɗi. Mafi shahara a cikinsu ita ce wadda ake kira Xtreme Verbier, a ƙasar Suwizalan.

An fara wannan gasa a 1996, wato a 2026 ta cika shekara 30 ke nan. Cikar tata ta zo daidai lokacin da wasan ya canza hannu. Hukumar wasannin dusar ƙanƙara ta duniya, FIS, ta karɓe shi, ta sanya gasar zakarun duniya ta farko a watan Fabrairun 2026, kuma ta ba Ordino Arcalís ta ƙasar Andora masaukin baƙi. Shugabannin wasan ba su ɓoye ba cewa idonsu na kan gasar Olamfik ta hunturu ta 2030, wadda za a yi a tsaunukan Alps na Faransa. A ganina, abin da ya kamata a sa wa ido a wannan sauyi abu ɗaya ne: wa zai riƙe ikon ɗage gasa ko soke ta a ranar da dutse bai ba da hali ba?

Daga makiyaya zuwa masu masaukin baƙi

Verbier ƙauye ne a kwarin Bagnes, a jihar Valais da ke kudu maso yammacin Suwizalan, ɓangaren da ake jin Faransanci. Yana zaune ne a tsayin mita 1,500 sama da teku. Kakannin mutanen wannan kwari makiyaya ne da ƙananan manoma. Da zafi ya shigo sai su kora shanu sama inda ciyawa ta tsiro, da sanyi ya kawo kai su sauko da su. Har yau an san yankin da cuku, da kuma wasu baƙaƙen shanu da ake kira Hérens, waɗanda matansu ke karo da juna don a san wadda za ta shugabanci garke.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne aka fara kafa igiyoyin ƙarfe masu ɗaukar mutane zuwa saman tsauni. Daga nan rayuwar ƙauyen ta juya. Dusar ƙanƙarar da ke kulle mutane a gida wata da watanni ta zama haja. A yau Verbier na cikin wani haɗaɗɗen filin zamiya mai suna 4 Vallées, mai hanyoyin da tsawonsu ya kai kilomita 400, kuma akwatin igiya na kai mutum har Mont Fort, sama da mita 3,300. Attajirai irin su Richard Branson na Ingila suna da masauki a can. Gidajen hutu na baƙi sun yi yawa a irin waɗannan ƙauyuka, har sai da 'yan ƙasar suka kaɗa ƙuri'a a 2012 aka taƙaita su zuwa kashi 20 cikin 100 na gidajen kowace ƙaramar hukuma.

Sai dai wuraren zamiya a tsaunukan Alps suna da yawa, kowa na neman baƙi. Dole kowane ya sami abin da za a san shi da shi. Abin da Verbier ta samu shi ne gangare masu tsananin tsayi, nesa da hanyoyin da aka gyara. Gasar Xtreme ita ce tallar wannan haja.

Yadda gasar take

Zamiya a kan dusar ƙanƙara iri biyu ce ta fuskar kayan aiki. Akwai masu ɗaura dogayen allunan zamiya biyu, ɗaya a kowace ƙafa, da sanda a kowane hannu. Akwai kuma masu tsayawa a kan allo guda mai faɗi, ƙafa biyu a kansa. Yawancin gasannin da ake nunawa a talabijin a kan gyararriyar hanya ake yin su: mota ta bi ta daddale ƙanƙarar, an kafa tutoci, agogo ne alƙali. Wannan tamu kuwa, wadda za mu iya kira zamiyar daji, ba hanya, ba tuta a tsakani, ba ruwanta da agogo. Ana nuna wa ɗan wasa inda zai tashi a sama da inda zai tsaya a ƙasa, sauran kuma shi da basirarsa.

Dutsen da ake yin gasar Verbier a kansa sunansa Bec des Rosses, tsayinsa mita 3,223. Fuskar da ake sauka ta kanta ta haura mita 500 daga sama zuwa ƙasa, kuma a wasu wurare gangarenta ya wuce digiri 50. Don mai karatu ya gane, a gangare mai digiri 45, duk mita ɗaya da ka matsa gaba ka sauka ƙasa da mita ɗaya ke nan. Idan ya wuce haka, wanda ya faɗi ba lallai ya iya tsayar da kansa ba, kuma duwatsu na nan a ƙasa suna jira.

Wani abin mamaki shi ne ba a yarda ɗan wasa ya gwada dutsen kafin ranar gasa ba. Yana tsayawa ne daga nesa da madubin hangen nesa da hotuna, ya zaɓi layin da zai bi, ya haddace shi. Ranar gasa ya hau da ƙafa zuwa wurin tashi, inda komai yake bayyana dabam da yadda ya gan shi daga ƙasa. Dutsen da ya sa alama a hagu yanzu yana damansa, kuma bayan kowane tudu ba ya ganin abin da ke ƙasa sai ya iso. Sau ɗaya tak zai sauka. Alƙalai na ba da maki bisa wahalar layin da ya zaɓa, da yadda ya riƙe kansa, da saukowa ba tare da tsaye-tsaye ba, da tsalle, da ƙwarewa.

Kayan kariya dole ne: hular kwano, abin kare ƙashin baya, na'urar da ke aika sigina idan ƙanƙara ta binne mutum, shebur, doguwar sandar lalube, da jakar goyo mai kumbura kamar balan-balan idan aka ja igiyarta, don ta taimaka mutum ya tsaya a saman ƙanƙarar da ta zaftare. Kafin gasa kuma ƙwararrun jagororin tsauni na bibiyar dutsen, suna duba yadda dusar ta kwanta hawa-hawa, wani lokaci su tayar da abin fashewa don ɓangaren da ke shirin zaftarewa ya zube tun ba kowa a wurin.

Sai babban abu, wanda shi ne ƙashin bayan tsarin duka. Ba a tsayar wa gasar rana guda. Ana ware kwanaki kamar mako ɗaya ko fiye, sannan a zaɓi ranar da sama ta washe kuma dusar ta zauna. In ba a sami irin wannan rana ba, shi ke nan, a haƙura.

Daga wasan 'yan tawaye zuwa gasar duniya

Nicolas Hale-Woods shi ne jagoran waɗanda suka kafa gasar a 1996. A farko ta masu allo guda ce zalla, a lokacin da ake yi wa irin waɗannan samari kallon 'yan tayar da ƙayar baya a wuraren zamiya. Ba'amurke Steve Klassen ne ya ci ta farko. A 2004 aka buɗe ƙofa ga masu alluna biyu. A 2008 Hale-Woods ya faɗaɗa abin ya zama zagayen gasanni mai suna Freeride World Tour, inda ake bi ƙasa-ƙasa ana tara maki, a zo a rufe a Verbier a ƙarshen hunturu. Cikin shekarun nan zagayen ya je Fieberbrunn a Ostiriya, Hakuba a Japan, Kicking Horse a Kanada, Alaska a Amurka, Baqueira Beret a Sifaniya, har da tsaunukan Jojiya. Wurare na shiga suna fita, amma Verbier na nan daram a matsayin wasan ƙarshe.

Me ƙauyen ya samu? Suna. Kowace shekara hotunan Bec des Rosses na zaga duniya, kuma wanda ya kalla yana sha'awar zuwa ya ga wurin da idonsa, ko da shi a gyararriyar hanya zai tsaya. Otal-otal, masu hayar kayan zamiya, malaman koyarwa, jagorori, direbobi, kowa na samun rabonsa. Gasar ta haifar da taurari irin su Bafaranshe Xavier de Le Rue, wanda ya zama zakaran duniya sau uku a jere daga 2008 zuwa 2010, da Marion Haerty, ita ma 'yar Faransa, wadda ta ɗauki kambun sau huɗu. A ƙarƙashin babbar gasar kuma an gina ƙananan gasanni na share fage da na matasa, inda yara ke tasowa da burin wata rana su tsaya a saman wannan dutse.

Ranar da dutse ya ƙi

A 2020 an soke wasan ƙarshe na Verbier saboda annobar korona. Wannan kowa ya fahimta, duniya ce duka ta tsaya. Darasin da ya fi muhimmanci shi ne na 2023. 'Yan wasa sun hallara, kamfanonin da ke ɗaukar nauyi sun kashe kuɗi, 'yan kallo sun zo. Amma yanayin dusar da ke kan dutsen bai ba da tabbacin tsaro ba, sai masu shiryawa suka soke gasar, aka naɗa zakarun shekarar da makin da suka riga suka tara. An yi asara, ba shakka. Amma kowa ya koma gida da ƙafarsa.

Don a san abin da ake gudu, ga labarin Estelle Balet. 'Yar jihar Valais ce, mai allo guda, ta zama zakarar duniya a 2015, ta sake a 2016. Ranar 19 ga Afrilun 2016, makonni kaɗan bayan ta ɗauki kambu na biyu, zaftarewar dusar ƙanƙara ta tafi da ita a wani tsauni kusa da Orsières, ba nisa da Verbier, tana cikin ɗaukar fim. Tana da shekara 21, kuma tana sanye da kayan kariya. Shi ma Xavier de Le Rue a 2008 wata gagarumar zaftarewa ta kwashe shi yana ɗaukar fim, ya tsira da ƙyar.

Mai karatu zai lura cewa waɗannan haɗurra biyu ba a cikin gasa suka faru ba. Wannan gaskiya ne, kuma masu kare wasan kan kafa hujja da shi. Amma gasar da fim ɗin uwarsu ɗaya. Gasa ke ba ɗan wasa suna, suna ke kawo kamfani, kamfani kuma hoto yake so, kowace shekara wanda ya fi na bara tsoratarwa. Bayan ƙwararru kuma akwai dubban masu kwaikwayo, waɗanda ba su da jagora ko jirgi mai saukar ungulu a kusa. Cibiyar binciken dusar ƙanƙara ta Suwizalan da ke Davos, SLF, ta daɗe tana nuna cewa kimanin mutum 20 ne ke mutuwa a shekara a ƙasar sanadin zaftarewa, kuma mafi yawansu su da kansu ko abokan tafiyarsu ne suka tayar da ita, a wajen hanyoyin da aka tsare. Wanda ƙanƙara ta binne, in ba a tono shi cikin kwata na awa ba, damar tsirarsa na raguwa da sauri. Shi ya sa soke gasar 2023 ta fi ƙarfin 'yan wasan da ke wurin. Saƙo ne ga duk yaron da ke kallo a waya cewa gwanaye ma sukan dubi dutse su juya.

Shigowar FIS da mafarkin Olamfik

A watan Disambar 2022 aka sanar cewa FIS ta sayi Freeride World Tour. A 2024 ta amince da zamiyar daji a matsayin ɗaya daga cikin wasanninta na hukuma. Alfanun a bayyane yake. Idan wasa ya shiga ƙarƙashin hukumar duniya, hukumomin ƙasashe kan fara ba 'yan wasa masu horarwa da likitoci da kuɗin tafiya. A wasan da matashi ke biyan kuɗin jirgi daga aljihunsa don ya je ya jefa ransa cikin haɗari, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Olamfik kwana 16 ce ko 17, an sayar da lokutan talabijin tun shekaru kafin a fara, kuma kowane wasa da sa'arsa. Tarihi ya nuna abin da irin wannan matsi kan haifar. A gasar Pyeongchang ta Koriya ta Kudu a 2018, an gudanar da wasan ƙarshe na tsalle-tsallen mata masu allo guda cikin iska mai ƙarfi. Yawancinsu sun faɗi, kuma da dama sun fito sun ce bai kamata a yi wasan a ranar ba. Wannan fa a kan gyararren fili ne, inda faɗuwa kan tsaya a karaya. A gangaren da ya wuce digiri 50, kuskuren zaɓen rana na iya zama na rai.

Akwai kuma tsohon tabo. Lokacin da wasan allo guda ya shiga Olamfik a Nagano ta Japan a 1998, FIS aka damƙa wa ragamarsa, aka tsallake ƙungiyar da 'yan wasan suka kafa da kansu. Terje Håkonsen ɗan Norway, wanda ake ganin ba kamarsa a lokacin, ya ƙi zuwa. Ƙungiyar 'yan wasan kuwa ta rushe a 2002. Waɗanda suka san wannan labari su ne ke ɗari-ɗari da sabon auren.

Adalci ne a faɗi ɗaya ɓangaren. Olamfik ta taɓa yin haƙuri da yanayi. A gasar Paris ta 2024 an kai wasan hawan igiyar ruwa can Tahiti, aka ware masa kwanaki fiye da waɗanda yake buƙata, aka riƙa ɗagawa ana jiran teku. Ke nan abin mai yiwuwa ne. Bambancin shi ne teku kan sauya cikin kwana ɗaya ko biyu, amma idan dusar da ke kan dutse ta kwanta da rauni a ƙasanta, raunin na iya ɗaukar makonni. Ranar da aka ce lambar zinariya ta Olamfik ba za a bayar ba saboda jagoran tsauni ya girgiza kai, wa zai tsaya masa?

Dutsen ma yana canzawa

Duk wannan na faruwa ne a lokacin da tsaunukan Alps ke ɗumama. Zafi a Suwizalan na ƙaruwa da kusan ninki biyu na matsakaicin duniya. Daskararrun kogunan ƙanƙara na ƙasar sun rasa kashi 10 cikin 100 na girmansu a shekara biyu kacal, 2022 da 2023. Ranar 28 ga Mayun 2025, a wannan jiha ta Valais, wani kogin ƙanƙara ya ɓalle tare da duwatsu ya binne kusan dukan ƙauyen Blatten. An riga an kwashe mazaunansa kimanin 300 kwanaki kafin nan, saboda masana sun yi gargaɗi kuma hukuma ta saurara.

Sauran wasannin hunturu suna da mafita, ko da mai tsada ce. Gasar Beijing ta 2022 kusan gaba ɗaya a kan dusar da inji ya fesa aka yi ta. Zamiyar daji ba ta da wannan gata. Ba wanda zai fesa wa fuskar Bec des Rosses dusa, kuma in ma an yi, wasan ya tashi daga abin da yake. Tsayin Verbier na ba ta kariya fiye da wuraren da ke ƙasa-ƙasa, amma hunturun da ke zuwa da ruwan sama yau, dusa gobe, zafi jibi, shi ne ke sa hasashen zaftarewa ya ƙara wuya. Ma'ana, ranakun da za a iya yin gasa cikin kwanciyar hankali na iya raguwa, daidai lokacin da kuɗi da talabijin ke neman a tsayar da rana.

Abin da za a sa wa ido

Ba na cikin masu cewa shigowar FIS masifa ce. Ɗan wasan da ke da likita da mai horarwa ya fi wanda ba shi da su. Kuma Verbier ba za ta rasa matsayinta cikin sauƙi ba, ko da an kai gasar zakarun duniya Andora, domin shekara 30 na tarihi ba a saye su a kasuwa.

Abin da zan duba a shekaru masu zuwa abu uku ne. Na farko, ko za a ci gaba da ware kwanaki masu yawa ana jiran yanayi, ko za a fara matse su don jin daɗin masu watsa shiri. Na biyu, ko maganar jagoran tsauni za ta ci gaba da zama ta ƙarshe, sama da ta jami'in hukuma da ta mai talla. Na uku, ko alƙalai za su ci gaba da hukunta wanda ya sauko ba tare da riƙe kansa ba, ko kuwa maki zai koma hannun wanda ya fi kowa ganganci, tunda shi ne bidiyonsa ya fi yawo.

Mutanen Valais sun san dutse tun kafin a ƙirƙiro kyamara. Makiyayin da ya ga hadari ba ya jayayya da shi, shanunsa yake korowa gida. Gasar Verbier ta kai shekara 30 ne saboda ta riƙe wani abu na wannan tarbiyya, kamar yadda aka gani a 2023. Idan sababbin masu wasan suka riƙe ta, Olamfik za ta ƙara masa daraja. Idan suka sake ta, waɗanda za su biya kuɗin su ne matasa masu shekarun Estelle Balet, da ƙannensu da ke kallo a waya suna jiran nasu lokacin.